Kujerar gem ba ta san tsawon ƙafar ɗanka ba

Akwai wata kujera da ta shigo mana kwanan nan, kuma kafin ta zama ƴar gida ina so in faɗi abin da na gani game da ita. Ita ce wadda masu talla ke kira kujerar gem: dogon baya irin na kujerar mota, launi baƙi da ja ko baƙi da shuɗi, ƙafafu biyar masu taya, ga ƴan matasai biyu an ɗaura mata da roba. Hotonta ya cika Facebook da WhatsApp. Ta fara leƙowa a shagunan Ƙonni, wasu kuma daga Sakkwato ake biyo musu da ita ta Illela. Masu sayarwa na cewa tana kare baya, tana sa yaro ya zauna ya yi karatu ba gajiya, kuma wai tasu mai sauƙin kuɗi ce, daidai aljihun ma'aikaci. Iyaye biyu sun riga sun tambaye ni ko su saya wa ƴaƴansu masu shirin jarrabawa. Amsar da na ba su ita zan ba kowa: kada ku saya. Ni ba maƙiyin kayan zamani ba ne. Kujerar ce ba a yi ta don jikin yaro ba, kuma ba a yi ta don rubutu ba.

Mu fara da asalinta, domin shi ne mai talla ba zai gaya maka ba. Siffar nan ta kujerar motar tsere ce. Kamfanin DXRacer, wanda ya fito da irinta a 2006, kujerun motoci masu gudu yake ƙerawa tun farko, sai ya ɗauki abin da ya iya ya ɗora a kan ƙafar kujerar ofis. A cikin mota kowane lanƙwaso na kujerar yana da aikinsa. Fukafukan nan da suka taso gefen cinya da gefen kafaɗa, an yi su ne don su riƙe direba lokacin da ya sha kwana da gudu, kada jikinsa ya watsu gefe. Ramuka biyu da ke daidai wuya, hanyar bel ce. Bakin mazaunin da ya ɗago sama, don ƙafar direba a miƙe take tana taka totur da birki. To ina kwanar da ɗanka zai sha a tsakar ɗaki? Ina birkin da zai taka? Abin da ke taimakon direba shi ke takura mai karatu: fukafukan suna matse cinya, suna tura kafaɗu gaba, suna hana mutum juyawa ya sake zama. Ramukan bel kuwa sun koma wurin rataya matashi, don kada a ce ba su da amfani.

Wannan a kan ta ainihi ke nan, mai tsada. Wadda ke iso mana kwaikwayon kwaikwayo ce. An riƙe launi da fukafukai, domin su ido ke gani, an rage duk abin da ke ɓoye.

Amma ko da an kawo mai kyan, matsalar da ta fi damuna tana nan, ita ce awo. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa jikin yaro ba jikin babba ba ne da aka rage, kuma duk wanda ya riƙe ajin CI ya riƙe CM2 ya ga hakan da idonsa. Zaman rubutu yana da sharuɗɗa da ba su da wuyar ganewa. Tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. Mazaunin kada ya kai ga bayan gwiwa, a bar tazarar yatsu biyu ko uku. Ƙasan baya ya samu abin jingina. Tebur ya zo daidai gwiwar hannu ko ya ɗara kaɗan, yadda yaro zai aza hannu ba tare da ya ɗaga kafaɗa ba. A Turai har ƙa'ida suka yi wa kayan zaman makaranta, ana kiranta EN 1729, suka raba kujeru gida-gida, kowane gida da launinsa. Yaron da tsawonsa ke tsakanin santimita 119 da 142, kujerarsa santimita 35 ce daga ƙasa, teburinsa 59. Na gaba da shi, mai 133 zuwa 159, kujera 38, tebur 64. Sai mai 146 zuwa 176 ake ba kujera mai 43 da tebur mai 71. Kujera mai 46 da tebur mai 76 na wanda ya kai tsawon babban mutum ne.

Yanzu ɗauki magwajin tela ka je shagon. Ka sauke kujerar gem har ƙarshen saukarta, ka auna daga ƙasa zuwa saman soso. Za ka same ta sama da santimita 40, galibi kusa da 45, domin manya aka yi wa ita. Ka auna zurfin mazaunin, ka kwatanta da cinyar yaron CM1. Ba sai na gaya maka sauran ba, amma bari in faɗa, don na ga yadda jikin yaro ke yi idan abin zama ya fi ƙarfinsa. Da farko zai zauna a miƙe, ƙafafu na lilo. Bayan ƴan mintoci bakin mazaunin ya fara danne ƙasan cinya, ƙafa ta ɗauki mijirya. Sai ya zamo gaba don ya taɓa ƙasa da yatsu. Da ya zamo, ya rabu da abin jinginar da aka biya kuɗi dominsa, baya ya lanƙwashe kamar lauje. In kuwa ya koma ya jingina, matashin wuya ba a wuyansa yake ba, yana bayan ƙeyarsa ko sama da ita, yana tura kai gaba. Matashin ƙugu kuma yana zamewa, yau a tsakiyar baya, gobe a ƙarƙashin ɗuwawu. Daga ƙarshe zai naɗe ƙafa ɗaya ya zauna a kanta, ko ya ɗora duka biyun a kan ƙarfen taya. Uban yana leƙowa yana murna yaro ya samu kujerar manya.

Masu talla suna yawan nuna yadda bayanta ke kwantawa har mutum ya miƙe kamar a gado. Gaskiya ne tana kwantawa. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya yi lissafin raba ba yana kallon rufin ɗaki. Rubutu da karatu gaba ake sunkuyawa, kuma abin da ke hukunta wannan sunkuyon tsawon tebur ne da haske, ba tsawon bayan kujera ba.

Sai maganar ƙasarmu. Abin da aka lulluɓe kujerar da shi ba fata ba ne, ko da an ce maka fata ce. Yadi ne aka shafa masa siririn roba. Ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta wuce. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a nan, kuma lokacin da ƴan jarrabawa suka fi bukatar zama, wa zai iya minti talatin a kan leda? In wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, sai ka ga yaro ya sauka ya koma tabarma, kujerar ta zama wurin jibge tufafi. Zafi da gumi kuma su ke cin robar nan: ta fara tsagewa a bakin mazauni da wurin aza hannu, sannan ta riƙa ɓarewa tana manne wa riga. Soson da ke ciki, in mai araha ne, yana kwantawa, sai ka fara jin ƙarfen da ke ƙasa. Tayoyin an yi su ne don daɓen tayil mai santsi. A daɓen siminti mai kaushi suna cinyewa, a tsakar gida mai yashi ba sa motsi ko kaɗan, ƙurar hunturu kuma ta shige musu ta daskare. Bututun iskar da ke ɗaga kujerar yana sauke ta, ranar da ya fara saki za ka zauna ka ji kana nitsewa a hankali. Wane mai gyara ne a Tsarnawa ke da irinsa? A Malbaza fa, ko Galmi? Kujerar katako in ƙafarta ta karye, ƙusa biyu da ƴar falanki sun isa. Wannan in ta mutu ta mutu. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma nan an juya maganar: adon ne kaɗai ke akwai.

Abin dariya ma, maganin zafin yana hannunmu tun tuni. Kujerar ƙarfe da ake saƙa wa zaren roba, wadda kowace fada ke shan shayi a kanta, iska na ratsa ta ko'ina. A Amurka kamfanin Herman Miller ya yi suna a 1994 da kujerar ofis mai suna Aeron, kuma babban abin da aka yaba mata shi ne an cire soso an sa raga don jiki ya sha iska. Masu waldarmu ba su jira kowa ba. Laifin kujerar fada ɗaya ne: an yi ta don kishingiɗa da hira, mazauninta ya faɗa baya. Ka ce wa mai walda ya miƙar da bayan, ya daidaita mazaunin, ya yanke ƙafar daidai awon yaro, ka ga ko ba ka samu kujerar karatu ba.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce, Malam, kuɗina ne, ɗana ne, in na ga dama in saya masa abin da zai faranta masa rai. Ba ni da ja. In don faranta rai ne, a kira ta da sunanta, abin wasa, kamar keke ko ƙwallo, kuma keken ya fi ta amfani ga baya. Abin da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne a sayar wa uba abin wasa da sunan lafiya da karatu. Babu kujerar da ke maganin ciwon baya, mai araha ko mai tsada. Jiki ba ya son zama ɗaya mai tsawo, ko a kan me aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, a kuma rage masa zama, musamman zaman kallon waya da talabijin na nishaɗi. Ita dai hukumar ce ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019. Kujerar da duk manufarta ita ce mutum ya daɗe bai tashi ba, ta ina ta zama abokiyar wannan shawara?

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya game da yadda yaranmu ke wasan. Ƙalilan ne ke da kwamfuta a gida. A waya ake buga Free Fire da PUBG, ƙwallo kuma a gidajen gem, a kan benci. Wanda ya riƙe waya a saitin cibiyarsa, wuyansa a sunkuye yake ko a gadon sarauta aka ɗora shi. Kujerar ba ta ɗaga waya. Abin da take ƙarawa kawai shi ne ta gaya wa yaro cewa gidan nan ya amince da sana'arsa, har an yi mata mazauni.

Wani kuma zai ce, to ai gara wannan da zaman ƙasa. A nan ma ban yarda ba. Zaman tabarma ba abokin gaba ba ne. Kakanninmu a kansa suka yi karatu, almajiri na jingina allo a gwiwa, allon na tsaye yana fuskantarsa, yana sake zama yadda ya so, ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe ta, ya durƙusa. Abin da ke wahalar da yaro shi ne a ba shi kaye da bik a ce ya shimfiɗa a ƙasa ya rubuta shafi biyu, goshinsa na neman taɓa takarda. Wannan ba ya bukatar kujera mai taya. Ɗan gajeren tebur yake bukata, ko akwatin katako da aka kifa.

Wannan ya kawo ni ga inda zancen ya fi yi mini zafi, kuma a nan da iyaye da mu malamai duk abin ya shafe mu. Yaron da ake so a kare wa baya da kujerar gida, awa nawa yake yi a kanta? Ɗaya, ko biyu da dare. A lakwal kuwa yana yin biyar ko shida a yini, wata tara a shekara. A kan me yake zaune a can? A kan tebur-benci da aka yi wa mutum biyu, su uku ko huɗu sun cusu, na gefe rabin jikinsa a waje yana rubutu a karkace. Bencin nan awo ɗaya ake kawo shi, na ɗan CI da na ɗan CM2 duk ɗaya, ƙaramin yana rubutu haɓarsa a kan tebur, babban kuma gwiwarsa na tokare da katako. Wanda bai samu ba yana kan tabarma, ko buhun siminti, ko bulo. A azuzuwan zana, waɗanda hukumomi da kansu suka ce sun kai 36,000 a faɗin ƙasa, sau da yawa ba a ma maganar benci. Ba mu manta da 13 ga Afrilu 2021 ba, ranar da wuta ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, ko 8 ga Nuwamba na shekarar a Maraɗi, inda aka rasa sama da 20. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana ajin zana ga ƙananan yara ƴan share fage. Allah Ya jiƙan su. Ban kawo wannan don in haɗa gobara da ciwon baya ba. Na kawo shi ne don a ga irin ɗakin da muke tura yaro da safe, sannan da yamma mu je neman masa kujerar motar tsere. An bar jaki ana dukan taiki.

Uban da zai iya fitar da jikkuna masu yawa a kan kujera ɗaya, shi ne sau da yawa ba a gani ranar taron iyayen yara. In kwamitin kula da makaranta ya nemi a haɗa kuɗin gyaran benci, sai ya ce aikin gwamnati ne. Haka ne, aikinta ne, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma kafin ta iso, ɗansa ne ke zaune a karkace. A kusan kowace makaranta da na koyar akwai wani lungu da aka tara gawar benci: ƙarfen lafiya lau, katakon ne ya tsage ko kusoshi suka fita. Kuɗin kujerar gem ɗaya, in aka miƙa shi ga kafinta da mai walda, zai tada da dama daga cikinsu, kuma kuɗin bai bar garin ba. Garin da ke bakin mahaɗar hanyar Yamai zuwa Damagaram da ta Tawa, wanda motocin albasa da na siminti ke ratsawa dare da rana, ba zai rasa masu iya wannan ba.

Mu ma malamai akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya cin ko dala. Ba a jera yara bisa wanda ya riga zuwa ko wanda ubansa ya yi magana. A duba tsawo. In makaranta na da benci gajeru da dogaye, a daina barin su a cakuɗe, a kai gajerun ƙananan azuzuwa. Yaron da ƙafarsa ke lilo a sa masa bulo ya taka. Malbaza na nan kusa, bulo bai gagare mu ba. Mai rubutu da hagu a zaunar da shi a hagun benci don kada gwiwar hannunsa ta yi ta karo da ta maƙwabcinsa. A riƙa sauya wa na gefen aji wuri, kada yaro ya shekara wuyansa na juye gefe ɗaya yana neman allo. Kuma a bar su su miƙe. Na ji abokin aiki yana alfahari cewa ajinsa na awa biyu ba wanda ya motsa. Ni ban ga abin alfahari a nan ba. Minti biyu na tashi a miƙa hannu tsakanin lissafi da karatu bai taɓa rage wa kowa darasi ba, yakan ma dawo da waɗanda barci ya fara ɗauka.

Ga uban da ya riga ya ware kuɗin kuma yana so ɗansa ya samu wurin karatu a gida, ga abin da nake ba da shawara. Ka tafi da yaron wurin kafinta, kada ka tafi da hoto. A zaunar da shi da takalmin da ya saba sawa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, wannan shi ne tsawon kujera. A auna daga bayan ɗuwawu zuwa bayan gwiwa, a rage yatsu uku, wannan shi ne zurfinta. Ya sauke hannu ya lanƙwasa, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun, a ƙara kaɗan, tebur ke nan. Za ka ce ai yaro girma yake, baɗi ta yi masa kaɗan. Wani ɗan ƙasar Norway mai suna Peter Opsvik ya warware wannan tun 1972 da kujerar katako da ake kira Tripp Trapp: ginshiƙai biyu masu tsage-tsage, falanki ɗaya na zama, ɗaya na taka ƙafa, in yaro ya ƙara tsawo a zare a mayar tsagar ƙasa. Babu bututun iska, babu taya, babu soso. Duk kafintan da ya iya yin kanta mai hawa-hawa zai gane dabarar da an zana masa a ƙasa. In wannan ya yi nisa, a yi kujerar da ɗan tsawo a haɗa da matakin ƙafa, baɗi a cire matakin, ƙanensa ya gada.

Ragowar kuɗin a sayi fitila mai aiki da hasken rana, a ajiye ta ta hagun mai rubutu da dama don kada inuwar hannunsa ta rufe layin. Rabin sunkuyon da nake gani a wurin ƴan CM2 neman haske ne. In akwai saura bayan fitilar, kwamitin makaranta na zama a farkon Oktoba, kuma ma'ajinsa na bayar da rasit.